Kasuwar 'Yan Tsana: Ƙarancin da Kamfani Ke Ƙirƙira da Asarar da Ke Biyo Baya

A cikin watan Yuni na shekarar 2025, a wani gwanjo da aka gudanar a birnin Beijin na ƙasar Sin, an sayar da wani mutum-mutumi na 'yar tsanar nan da ake kira Labubu, mai tsawon santimita 131, a kan yuwan miliyan 1 da dubu 80, wato kimanin dalar Amurka dubu 150. A daidai wannan lokaci kuma, ƙananan Labubu na ƙyalle waɗanda kamfanin Pop Mart ke sayarwa yuwan 99 a kantunansa na ƙasar Sin, 'yan baranda suna sake sayar da su a kan ninkin wannan farashi, kuma masu saye suna rububinsu. Amma kafin shekarar ta ƙare, farashin hannu na biyu ya faɗi warwas, har darajar hannun jarin kamfanin ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 daga ƙololuwar da ta kai a ƙarshen watan Agusta.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga waɗanda suka san tarihin ciniki. An taɓa yin irinsa a ƙasar Amurka shekaru kusan talatin da suka wuce, da wasu 'yan tsana da ake kira Beanie Babies. In aka jera labaran biyu, za a ga cewa ƙarancin da ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo a hannun mai masana'anta yake, kuma shi kaɗai ya san ranar da zai kawo ƙarshensa.

Dabarun Ty Warner

Mista Ty Warner tsohon ɗan tallan kayan wasan yara ne wanda ya kafa kamfaninsa mai suna Ty a shekarar 1986 a kusa da birnin Shikago. A 1993 ya fito da wasu ƙananan dabbobi na ƙyalle guda tara, cikinsu har da kwaɗo da kare da alade, waɗanda aka cusa wa ƙwayoyin roba amma ba a cika su taf ba, don yaro ya iya lanƙwasa su yadda ya so. A ƙasar Sin da Koriya ake ɗinka su, kuma kowace ɗaya kimanin dala 5 ake sayar da ita, kuɗin da bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

Da farko kasuwar ba ta karɓe su ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne yadda Warner ya tsara rarraba su. Ya ƙi bai wa manyan kantuna, ya zaɓi ƙananan shagunan sayar da kayan kyauta, sa'an nan ya ƙayyade wa kowane shago guda 36 kacal na kowane iri a wata. Saboda haka ba shagon da za a shiga a tarar da dukan ire-iren, dole mai son tarawa ya yi ta yawo daga wannan shago zuwa wancan. Bugu da ƙari, ya ɓullo da al'adar sanar da cewa an daina ƙera wani iri, ba tare da ba da dalili ko gargaɗi ba. Da zarar an yi sanarwar, sai farashin wannan iri ya tashi a hannun waɗanda suka riga suka saya.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na wata giwa mai suna Peanut. A 1995 an fara fito da ita da launin shuɗi mai duhu, bayan ɗan lokaci aka koma ɗinka ta da shuɗi mai haske. 'Yan ƙalilan ɗin nan na farko sai suka zama abin nema, har aka riƙa sayar da ɗaya a kan dubban daloli. Labarin irin wannan riba ne ya janyo manya cikin harkar da aka fara don yara. Matan aure da ma'aikata suka shiga saye suna adanawa a akwatuna, suna sanya wa 'yar takardar da ke maƙale a kunnen kowace 'yar tsana rigar roba don kada ta lanƙwashe, domin lanƙwasarta na rage farashi. Aka kuma sami mujallu da littattafai da ke buga jerin farashi, waɗanda yawancin masu rubuta su su ma suna da tarin kayan a gida.

Lokacin da Kasuwa ta Cika

A watan Afrilu na 1997 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya ƙaddamar da wani shiri tare da Ty, aka ƙera ƙananan Beanie guda miliyan 100 don a riƙa ba da su tare da abincin yara. An tsara shirin zai ɗauki mako biyar, amma cikin kimanin mako biyu kayan suka ƙare. An ba da rahoton mutane suna sayen abincin su zubar, su riƙe 'yar tsanar. A ƙarshen wannan shekara kuma aka fito da wata mai launin shunayya don tunawa da Gimbiya Diana ta Ingila, wadda ita ma aka taƙaita adadinta a farkon fitowa.

Intanet ta ƙara wa wutar mai. Kamfanin gwanjo na eBay, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a 1998, ya taɓa kaiwa matsayin da kimanin kashi 10 cikin 100 na cinikin da ake yi a dandalinsa na waɗannan 'yan tsana ne. Abin bai bar manyan jami'ai ba ma. A 1998 wakiliyar Amurka kan harkokin ciniki, Charlene Barshefsky, ta sayo kimanin guda 40 a lokacin da ta raka Shugaba Clinton ziyara ƙasar Sin, alhali doka ta ƙayyade adadin da matafiyi zai shigo da shi, sai da ta miƙa su ga jami'an kwastan. A wannan shekara cinikin kamfanin Ty ya haura dala biliyan ɗaya.

A nan ne lissafin masu tarawa ya sami tangarɗa. Kamfanin da ya yi cinikin fiye da dala biliyan ɗaya da kayan dala 5, to ya sayar da ɗaruruwan miliyoyi ke nan. Kayan tarihi suna yin daraja ne saboda yawancinsu sun lalace ko sun ɓace, kaɗan suka rage. Su kuwa waɗannan 'yan tsana, tun ranar da aka saye su aka killace su sabbi fil, don haka babu abin da ya rage yawansu. Kowa yana ajiye da irin abin da maƙwabcinsa ya ajiye, kuma kowa yana jiran ranar sayarwa.

Ran 31 ga watan Agusta na 1999 kamfanin ya sanar da cewa zai daina ƙera dukan Beanie Babies a ƙarshen shekara. A da, irin wannan sanarwa takan ɗaga farashi, amma wannan karon ba ta yi wani tasirin kirki ba. Daga baya kamfanin ya ce jama'a sun kaɗa ƙuri'ar a ci gaba, ya kuwa ci gaba da ƙerawa a shekarar 2000, abin da ya ƙara zubar da amincin masu saye. Masu tarin kaya suka fito da su kasuwa a lokaci guda, masu saye suka ja da baya, kaya suka yi kwantai. Waɗanda suka zuba kuɗin makarantar 'ya'yansu ko na fanshonsu suka wayi gari da akwatunan da ko uwar kuɗi ba za su mayar ba. Shi kuwa Warner ya fita da dukiyar biliyoyin daloli, har ya sayi babban otal ɗin Four Seasons na birnin New York a 1999. A 2013 ya amsa laifin ɓoye kuɗi a bankin ƙasar Suwizalan don kauce wa haraji, ya biya tarar fiye da dala miliyan 53.

Labubu da Cinikin Biri a Sama

Wani mai zane ɗan asalin Hong Kong da ya tashi a ƙasar Holan, Kasing Lung, shi ya ƙirƙiro Labubu a 2015, wata halitta mai dogayen kunnuwa da haƙora tara. A 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Pop Mart, kamfanin da Wang Ning ya kafa a Beijin a 2010, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a watan Disamba na 2020. Kasuwar ta buɗe sosai ne a 2024, bayan da aka ga Lisa, mawaƙiyar ƙungiyar Blackpink, tana ɗauke da ita, 'yan mata a ƙasar Tailan da sauran ƙasashen Asiya suka shiga rataya ta a jakunkunansu. Kuɗin shigar kamfanin ya kai yuwan biliyan 13 a 2024, sa'an nan a watanni shida na farkon 2025 kaɗai ya zarce wannan adadi.

Pop Mart ya ƙara wata dabara a kan ta Warner. A rufaffen kwali ake sayar da kayan, mai saye bai san launin da zai samu ba sai ya biya ya buɗe, wato cinikin biri a sama. A kowane jeri akwai iri shida na yau da kullum, da kuma wani na musamman wanda ake samun ɗaya cikin kwali 72. A matsakaicin lissafi ke nan, sai mutum ya kashe yuwan 7,128 kafin ya dace da na musamman guda ɗaya, kuma wannan lissafi ne ya ba 'yan baranda hujjar tsawwala farashinsa. Wasunsu har na'urori suke amfani da su a intanet don kwashe kaya cikin daƙiƙoƙi da zarar an fito da su.

Rububin ya kai ga hukumomi sun sa baki. A watan Mayu na 2025 kamfanin ya dakatar da sayar da Labubu a kantunansa na Ingila saboda dambe da ake yi a layi. A watan Yuni wani reshen hukumar kula da harkokin kuɗi ta Sin ya hana bankunan yankinsa ba da ita kyauta don jawo masu ajiya, bayan da bankin Ping An ya fara yin haka. Tun a 2023 ma gwamnatin Sin ta haramta sayar wa yara 'yan ƙasa da shekara takwas kayan rufaffen kwali.

Sai dai kamfanin da kansa ne ya karya farashin. Riba mai yawa tana tafiya aljihun 'yan baranda da masu yin jabu, kamfani kuwa yuwan 99 ɗinsa kawai yake samu a kan kowace ɗaya. Don haka daga tsakiyar watan Yuni ya fara sako kaya da yawa, kuma a watan Agusta shugabanninsa suka bayyana cewa suna ƙera kimanin guda miliyan 30 a wata, fiye da ninki goma na shekarar da ta gabata. Waɗanda suka sari kaya da tsada don jiran ƙarin tsada su ne suka kwana ciki.

Abin Lura ga 'Yan Kasuwa

Ɓoye kaya don jiran tsada ba sabon abu ba ne ga 'yan kasuwar ƙasar nan, amma akwai bambanci tsakanin buhun gero da 'yar tsana. Gero ana cinye shi, kuma ba mai iya ƙara yawansa sai damina ta zagayo. 'Yar tsana kuwa ba a cinye ta, ba wanda rayuwarsa ta dogara a kanta, kuma masana'anta na iya ninka ta sau goma cikin 'yan watanni. Wanda ya saye ta a hannu na biyu ya jingina jarinsa ne a kan shawarar da wasu za su yanke a ofishin da ba shi da wakili a cikinsa.

Ga masu shigo da kaya daga Guwanju da Yiwu, akwai ƙarin haɗari guda biyu. Na farko shi ne lokaci. Kwantenar da aka ɗora wa jirgin ruwa takan yi makonni kafin ta iso Legas, ban da kwanakin fito da ita daga tashar jiragen ruwa, kuma yayi irin wannan yana iya wucewa kafin kaya su iso shago, alhali da dala aka biya kuɗinsu. Na biyu shi ne jabu. Kwaikwayon Labubu, wanda aka yi wa laƙabi da Lafufu, ya cika kasuwanni a 2025, inda kwastan na ƙasar Sin suka kama fiye da guda miliyan ɗaya, na Ingila kuma fiye da dubu 200. A watan Agusta na wannan shekara hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na jabun suna ɓallewa cikin sauƙi, kuma gutsattsarinsu na iya shaƙe ƙaramin yaro. Ɗan kasuwar da aka kama kayansa tun a tashar lodi ya rasa uwar kuɗi da kuɗin dako gaba ɗaya.

A duka labaran biyu an sami waɗanda suka ci riba: mai masana'anta, da masu dandalin gwanjo da ke karɓar la'ada a kan kowane ciniki ko farashi ya hau ko ya sauka, da kuma 'yan kasuwar da suka saya a farashin kamfani suka sayar nan take ba tare da ajiya ba. Alamomin da suka gabaci faɗuwar farashi ma iri ɗaya ne: masu saye don sayarwa sun fi masu saye don amfani yawa, kamfani ya sanar da faɗaɗa masana'anta, jabu ya yawaita, kuma sabon jeri ya fito amma farashinsa a hannu na biyu bai kai na wanda ya gabace shi ba.

Kamfanin Ty bai mutu da faɗuwar 1999 ba, ya koma sayar da kayan wasa ga yara a farashinsu na asali. Haka nan Pop Mart ya ci gaba da ciniki mai yawa a 2025 duk da karyewar farashin hannu na biyu. A Amurka kuwa, mafi yawan 'yan tsanan Gimbiya Diana da aka killace tun 1997 da fatan za su kai dubban daloli, 'yan daloli kaɗan ake taya su in an fito da su kasuwa.