Rubutun Ikilisiya: Me Ya Sa Muke Bukatar Tsari Ɗaya?

'Yan'uwa, hannuwa da yawa ne suke rubuta wa ikilisiya. Magatakarda yana rubuta sanarwa, Zumuntar Mata tana kawo rahoto, matasa da mawaƙa su ma suna kawo nasu. In kowa ya rubuta yadda ya ga dama, mai karatu ne zai sha wahala, wani lokaci ma saƙon ya canza gaba ɗaya. Saboda haka muke bukatar tsari ɗaya da kowa zai bi.

Mu fara da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Ba ado ba ne, ma'ana suke rarrabewa. "Baƙi" daban, "baki" daban. "An ƙare taro" ba daidai yake da "an kare taro" ba. Haka kuma "ɓata" da "ba ta", inda har raba kalma yake da muhimmanci. Wayoyi da yawa suna da allon rubutun Hausa, sai mu kunna shi. A Najeriya ana rubuta 'y kamar a "'ya'ya", a Nijar kuwa ƴ ake amfani da shi. Mu bi na ƙasarmu, kada mu gauraya.

Na biyu, sunayen littattafai. Juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 yana cewa Matta, Yohanna da Ru'ya ta Yohanna. Juyin 1979 kuwa yana cewa Matiyu, Yahaya da Wahayin Yahaya. Dukansu suna hannun mutanenmu har yau. In takarda ɗaya ta ce Yohanna a sama, Yahaya a ƙasa, sabon mai bi zai ɗauka littattafai biyu ne. Mu bi juyin da ake karantawa a bagadinmu, mu kuma rubuta sura da aya iri ɗaya kullum, kamar Yahaya 3:16. Kada mu manta da lambar da take gaba, domin 1 Yahaya wasiƙa ce, ba Bishara ba. Kalmar "ikilisiya" kanta ana rubuta ta hanyoyi dabam-dabam, sai mu zaɓi ɗaya mu tsaya a kai.

Na uku, rana, lokaci da kuɗi. In an rubuta 4/5, wani zai karanta 4 ga Mayu, wani kuma da wayarsa take bin tsarin Amurka zai ɗauka 5 ga Afrilu ne. Mu rubuta sunan rana da na wata, mu faɗi ko safe ne ko yamma, mu faɗi wuri. A rahoton baiko, mu rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi, domin sifiri ɗaya da ya ɓace yakan jawo wa ma'aji zargin da bai cancanta ba.

Yaya za mu yi? Dattawa su amince da waɗannan ƙa'idodi a shafi ɗaya, a ba kowace ƙungiya kofi. A naɗa mutum ɗaya mai duba rubutu kafin a buga ko a karanta a sujada. Shi kuwa ya gyara kuskure, kada ya sauya abin da marubucin yake nufi. In bai gane ba, ya tambaya. Wanda aka gyara masa kuma ya karɓa da tawali'u, gama aikin na dukanmu ne.