Motsa jiki da sinadaran tsoka: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mai haƙar yashi a kogin Wudil yakan wuni yana cika kwale-kwale, amma baƙon aikin kafin hantsi ya yi laushi. Bambancinsu yana cikin tsoka, kuma ɓeraye ne suka fara nuna wa masana shi.

Mene ne enzayim?

Sinadarai ne da jiki ke ƙerawa don hanzarta ayyukansa. A cikin tsoka akwai wasu 'yan ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, inda enzayim ke ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin, su samar da ƙarfi. Yawansu yana ƙara juriya.

Gwajin 1967

John Holloszy, likita a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ya ɗora ɓeraye a kan injin gudu, yana ƙara musu lokaci kaɗan-kaɗan, har suka kai awa 2 a rana, kwana 5 a mako. Bayan kimanin wata 3, ƙarfin aikin waɗannan enzayim a tsokar ƙafafunsu ya kusa ninkawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda aka yi wa sassauci: motsi mara wahala bai canza komai ba. Tsoka sai an matsa mata, an kuma daɗe ana yi. Daga baya an ciri 'yar tsoka daga cinyoyin mutane da allura, aka tarar haka abin yake. In aka daina kuwa, cikin 'yan makonni ribar ta fara zaizayewa.

Irin fararen ɓerayen nan ne ɗaliban kimiyya ke aiki da su a jami'o'inmu, kuma irin wannan gwajin bai fi ƙarfin Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil ba.

In aka wuce gona da iri

Nan ne damuwata. Matashin da ke burin shiga makarantar horar da 'yan sanda ta Wudil yakan kwashe watanni a zaune, sai ranar tantancewa ta matso ya tashi ya ce zai rama a mako guda. Zaren tsoka ya yayyage, wani enzayim mai suna CK ya tsiyaye cikin jini. Kaɗan daga wannan shi ne ke tafiya da tsamin jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma yana wucewa. Amma in ɓarnar ta yi yawa, musamman a zafin bazara ga ƙishirwa, abin da tsoka ta zubar yana iya toshe ƙoda. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi bayan atisaye, ya nufi asibiti ran nan.

Har da shanun kasuwar Kara

Saniyar da ta sha doguwar tafiya a tirela kafin kasuwar Juma'a, CK ɗinta ma yana hawa, sukarin tsokarta ya ƙare. In aka yanka ta ba ta huta ba, naman yakan yi duhu, kuma yana saurin lalacewa.