Kayan barazana na tanki a wasan World of Warcraft

Kayan barazana su ne makamai da sulke da zobba da ɗan wasa ke zaɓa wa tankinsa domin dodon da ake yaƙa ya ci gaba da kai masa hari shi kaɗai, kada ya juya kan sauran 'yan ƙungiya. Ana samun wannan tsari a wasannin intanet da mutane da yawa ke bugawa tare, inda kowa ke sarrafa gwarzo guda mai aikinsa na musamman. An fi saninsa a World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard Entertainment na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004, da kuma World of Warcraft Classic, wato tsohon zubin wasan da aka dawo da shi a watan Agusta na 2019. Kishiyarsu su ne kayan kariya, waɗanda ake zaɓa don tanki ya jure duka. Guraben saka kaya a jikin gwarzo ƙayyadaddu ne, don haka yawanci abin da aka ƙara a ɓangare ɗaya daga ɗayan aka rage shi.

Ma'anar kalmomi

A irin waɗannan wasanni ƙungiya na da ayyuka uku. Akwai tanki, wanda ke tsayawa a gaban dodo yana shan duka. Akwai mai warkarwa, wanda ke mayar wa 'yan wasa ran da suka rasa. Sai kuma mahara, waɗanda aikinsu shi ne su kashe dodon da wuri. Sunan tanki ya samo asali ne daga tankar yaƙi, saboda kaurin jikinta, kuma an yi amfani da shi tun a wasannin intanet na rubutu zalla, kafin a fara masu hoto. Wasan EverQuest na 1999 ya yaɗa wannan rabon aiki sosai.

Barazana maki ne da kowane dodo ke lissafa wa duk wanda ya taɓa shi ko ya taimaki mai yaƙarsa. Agro kuwa shi ne hankalin dodon kansa: wanda dodo ke duka a wannan lokaci shi ake cewa yana riƙe da agro. Sau da yawa 'yan wasa kan gauraya kalmomin biyu, amma akwai bambanci. Barazana lissafi ce, agro kuma sakamakonta.

Yadda ake lissafa barazana

A tsohon zubin wasan, makin ɓarna ɗaya na haifar da makin barazana ɗaya. Warkarwa na haifar da rabin haka, kuma ana raba ta tsakanin dukkan dodannin da ke cikin faɗan. Dodo ba ya sauya wanda yake duka da zarar wani ya ɗara shi da maki kaɗan. Wanda ke tsaye dab da dodon sai ya kai kashi 110 cikin 100 na makin mai riƙe da agro, wanda ke harbi ko tsafi daga nesa kuma sai ya kai kashi 130. Idan tanki na da maki 10,000, mai takobi zai ƙwace agro in ya wuce 11,000, mai harbi daga nesa kuma in ya wuce 13,000.

Domin tanki ya iya gogayya da mahara, wasan na ninka masa maki. Mayaƙi da ke tsayuwar kariya na samun ninki 1.3, kuma baiwar da ake kira Defiance na kai shi kusan 1.5, ko da yake wannan tsayuwa na rage ɓarnar da yake yi da kashi 10. Wasu dabarunsa, irin su Sunder Armor da Revenge da Heroic Strike, na ɗauke da ƙarin barazana bayan ɓarnar da suke yi. Su kuma mahara ana rage musu: albarkar faladin mai suna Blessing of Salvation na sauke barazanar wanda aka sa wa da kashi 30.

Daga nan ake gane dalilin kayan barazana. Tanki shi ne rufin da ɓarnar ƙungiya ba ta iya wucewa. A misali, idan yana samar da maki 500 a daƙiƙa, matsafin da ke nesa ba zai iya zarce 650 na tsawon lokaci ba tare da ya ja dodon kansa ba. In tankin ya ɗaga zuwa 600, rufin matsafin ya koma 780. A farmakin mutum 40, irin na Molten Core ko Blackwing Lair, wannan ƙari na shafar mahara sama da ashirin a lokaci guda. Idan kuwa wani ya wuce iyaka, dodon kan ruga cikin mutane marasa sulke, ya juya numfashin wutarsa kan jama'a, a rasa faɗan gaba ɗaya.

Akwai dabarar tsokana mai suna Taunt, wadda ke daidaita makin tanki da na wanda ke riƙe da agro nan take. Sai dai manyan dodanni da dama, kamar Onyxia da Vaelastrasz da Broodlord Lashlayer, ba ta aiki a kansu. Wasunsu ma na da bugun da ke cilla tanki baya ya share masa wani kaso na makinsa. A irin wannan faɗa babu abin dogaro sai barazanar da tanki ya tara da hannunsa.

Abubuwan da ake nema a kaya

Na farko shi ne saiti. Saran da ya kuskure ba ya kawo barazana ko kaɗan. A Classic, 'yan wasa na tsayawa a mataki na 60, manyan dodanni kuma ana lissafa su a mataki na 63, wanda hakan ke ƙara yawan kuskure. Mayaƙi mai gwanintar makami 300 na buƙatar ƙarin saiti na kashi 9 kafin dabarunsa su daina kuskure. Matsalar ta fi tsanani ga tanki saboda yana gaban dodo. Dodon na goce wa kashi 6.5 na sara, kuma yana kare kusan kashi 14 na saran da ya zo masa ta gaba, alhali maharan da ke bayansa ba a kare musu sara. Kuskure biyu ko uku a jere a farkon faɗa, lokacin da babu maki a ajiye, sun isa su sa agro ya suɓuce.

Na biyu shi ne gwanintar makami. Idan ta kai 305, saitin da ake buƙata na sauka zuwa kashi 6. Haka kuma tana rage asarar da ake yi a saran shafa, wato saran da ya samu dodo amma bai zauna daidai ba, wanda ke faruwa a kashi 40 na sara na yau da kullum a kan babban dodo. Shi ya sa jinsin gwarzo ke shiga lissafi: 'yan Adam na da ƙarin maki 5 a takobi da gulma, jinsin Orc kuma a gatari. Waɗanda ba su da wannan gata kan nemi safar hannu mai suna Edgemaster's Handguards, wadda ke ƙara maki 7 a takobi da gatari da wuƙa.

Na uku shi ne ƙarfin hari da yawan sara mai ninki, wato saran da ɓarnarsa ke ninkuwa biyu. Ƙarfin jiki na ƙara nauyin sara, zafin nama kuma na ƙara sara mai ninki tare da gocewa da ɗan sulke, don haka ana ɗaukar zafin nama a matsayin abin da ke amfanar ɓangarorin biyu.

Na huɗu shi ne saurin makami. Heroic Strike na fita ne tare da sara na gaba, saboda haka makamin da ke sara da sauri na ba da damar amfani da shi sau da yawa. Wannan ne ya sa tankoki ke daraja wuƙaƙe da takubba masu sauri fiye da manyan makamai masu nauyi. Makamin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne takobin Thunderfury, wanda kan saki tsawa mai ɓarnar maki 300, ya kuma rage saurin saran dodo da kashi 20. Haɗa shi na buƙatar abubuwa biyu masu wuyar samu da ke faɗowa daga Garr da Baron Geddon a Molten Core, kuma ƙungiyoyi kan ba babban tankinsu shi kafin kowa.

Matsalar fushi

Mayaƙi da duruwid mai siffar beyar ba sa amfani da ƙarfin tsafi. Dabarunsu na cin wani ma'auni da ake kira fushi, wanda ke taruwa idan gwarzo ya yi sara ko ya sha duka. Dukan da aka goce wa ba ya kawo fushi. A nan ne abin ke zama kamar juyi: tankin da ya cika kayan kariya, har dodo ya rage samunsa, kan rasa fushin da zai yi dabaru da shi, sai barazanarsa ta faɗi. An fi ganin haka idan tanki mai manyan kaya ya shiga wurin ƙananan dodanni. Maganin da aka saba shi ne ya cire wasu kayan kariya ya sa na hari.

Abin da ake sadaukarwa

Kayan kariya na da nasu ma'aunan. Babban dodo na da damar kashi 5.6 ta yi wa ɗan mataki na 60 sara mai ninki, kuma gwanintar tsaro 440 ce ke kawar da wannan dama. Akwai kuma bugun murƙushewa, mai nauyin kashi 150, wanda ke zuwa a kashi 15 na hare-haren babban dodo. Mayaƙi mai garkuwa na iya ture shi na ɗan lokaci da dabarar Shield Block. Tankin da ya koma kayan barazana yakan bar wani abu daga cikin waɗannan, sai nauyin ya koma kan masu warkarwa. Haɗarin ba yawan dukan da ake sha a tsawon faɗa ba ne kawai. Abin tsoro shi ne manyan duka biyu ko uku su haɗu cikin daƙiƙa biyu, kafin warkarwa ta iso. Don haka ko masu kayan barazana ba sa wasa da yawan rai da kaurin sulke.

Saboda wannan, gogaggen tanki kan ɗauki kaya fiye da kashi ɗaya a jakarsa, ya sauya bisa ga dodon da ke gaba. A faɗan Vaelastrasz, inda fushi ke cika da kansa kuma dole a gama da sauri, barazana ce kan gaba. A faɗan Patchwerk na Naxxramas, tankokin da ke karɓar mugun bugunsa sun fi buƙatar rai da sulke. A gaban Ragnaros kuma ana neman kayan jure wuta, duk da cewa yawancinsu ba sa ƙara barazana.

Salon makami biyu a Classic

A 2004 zuwa 2006 an fi sanin tanki da garkuwa da cikakken sulke. Da Classic ya fito a 2019, 'yan wasa sun riga sun san lissafin wasan ciki da waje, mahara kuma na shiga farmaki da tarin ƙarfafawa da ke ɗaga ɓarnarsu ƙwarai. Tankin gargajiya ya kasa riƙe su. Sai wani salo ya yaɗu, inda mayaƙi ke zuba maki 31 daga cikin makin baiwa 51 a reshen hari don ya sami dabarar Bloodthirst, ya ajiye sauran a reshen kariya saboda Defiance. Irin wannan tanki kan riƙe makami a kowane hannu, ya ɗauko garkuwa kawai idan duka ya yi tsanani. Riƙe makami biyu na ƙara kuskuren sara na yau da kullum da kashi 19, abin da ya sa saiti ya ƙara daraja a wurinsa.

Sauran nau'o'in tanki

Duruwid ba ya sara da makaminsa idan ya rikiɗa beyar, don haka abin da makamin ke ƙara masa ake dubawa. Wata gulma ta ƙananan matakai daga Gnomeregan, mai suna Manual Crowd Pummeler, ta yi suna saboda tana ƙara saurin hari da kashi 50, amma sau uku kawai ake amfani da ita, sai a koma neman wata. Faladin kuwa, wanda ya zama cikakken tanki a faɗaɗawar The Burning Crusade ta 2007, barazanarsa daga ɓarnar tsarki take fitowa, shi ya sa yake neman makamin da ke ƙara ƙarfin tsafi kamar na matsafa.

Sauye-sauye daga baya

A The Burning Crusade gwanintar tsaron da ake nema ta koma 490 a mataki na 70, aka kuma shigo da wani sabon ma'auni da ke rage gocewa da karewar dodo. A da 'yan wasa na dogara ne da ƙananan manhajoji irin su Omen don ganin makin barazana, har zuwa 2008 da wasan ya fara nuna shi da kansa. A 2010 aka kawo tsarin Vengeance, mai mayar da wani kaso na dukan da tanki ya sha zuwa ƙarfin hari. A 2011 Blizzard ya ɗaga ninkin barazanar tanki daga sau uku zuwa sau biyar, a 2014 kuma ya cire saiti daga kaya baki ɗaya. Tun daga nan hankalin tankoki a sabon zubin wasan ya fi komawa kan rage duka a daidai lokacin da ya dace, yayin da lissafin kayan barazana ya ci gaba da rayuwa a zubin Classic.