Matsayin Darasin Hausa a Shirin Koyar da Sana'o'i a Birnin Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Wannan sashe na rahoton zai duba dangantakar da ke tsakanin bunƙasar tattalin arzikin birnin Maiduguri da shirye-shiryen horar da matasa sana'a, tare da nuna gurbin da ya kamata darasin Hausa ya cike. An ɗauki unguwar Lamisula, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin gari, a matsayin abin misali, domin yaro a irin wannan unguwa yakan tashi da Barbarci a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, sannan ya zauna jarrabawa da Ingilishi.

2.0 Yanayin Tattalin Arzikin Birnin

Tun da Shehun Borno ya tare a Yerwa a shekarar 1907, fatauci ne ƙashin bayan garin. Isowar jirgin ƙasa a 1964 ta ƙara haɗa shi da sauran sassan Nijeriya, kuma zamansa hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967 ya jawo ma'aikata da 'yan kwangila. Bandar kifi daga Tafkin Chadi, da shanu, da wake, da hajar da ake kaiwa Chadi da Kamaru da Nijar, su ne suka raya kasuwannin Monday Market da Gamboru da Tashar Baga.

Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya datse yawancin waɗannan hanyoyi. An hana acaɓa a 2011, abin da ya tilasta wa matasa masu yawa komawa tuƙin Keke Napep ko zaman kashe wando. Manoma da masunta da makiyaya suka kwararo cikin birni gudun hijira, alhali sana'ar da suka gada ba ta da fili a nan. A farkon 2021 aka lalata turakun wutar lantarki, garin ya daɗe cikin duhu, masu walda da masu markaɗe da masu sayar da ƙanƙara suka koma dogaro da janareto da sola. Gobara ta cinye Monday Market a watan Fabrairun 2023, sannan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye babban ɓangare na garin a watan Satumban 2024. Kowace daga cikin waɗannan masifu ta bar buƙatar magina da kafintoci da masu aikin wayarin da masu gyaran famfo.

3.0 Manufofin Horarwa

Ba za a ce hukumomi sun yi ƙaranci ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat ta faro ne a 1973 a matsayin kwalejin koyon sana'a. Akwai Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa da aka kafa a 1986, da Hukumar Raya Arewa maso Gabas wadda aka sanya wa dokarta hannu a 2017, da kuma tsarin raya Jihar Borno na shekara 25 da aka ƙaddamar a 2020. A ɓangaren manhaja, tsarin 6-3-3-4 ya shigo da darasin share fagen fasaha a ƙaramar sakandare, daga baya manhajar babbar sakandare ta 2011 ta zo da darussan sana'a 34, waɗanda aka taƙaita su zuwa 6 a bitar da aka yi a 2025. Daga cikin shidan akwai haɗa sola, da ɗinki, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, sana'o'in da Maiduguri ke da matuƙar buƙatarsu.

Abin da waɗannan tsare-tsare ba su cika kulawa da shi ba shi ne harshen da ake koyarwa da shi. Mafi yawan masu koyon sana'a ba a aji suke koyonta ba, a gaban maigida suke koya, a gareji ko a shagon tela, kuma maigida ba ya bayani da Ingilishi. Yaron da ya ƙware a sauke inji zai iya faɗuwa jarrabawar takardar shaida saboda bai gane tambayar ba, ba don bai san aikin ba.

4.0 Gurbin Darasin Hausa

Abu na farko shi ne kalmomin fannu. Littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya yi aiki mai kyau a fagen harshe da adabi da dabarun koyarwa, amma bai shafi garejin bakanike ba. Can kuwa an daɗe da daidaita kalmomi kamar sifana, da filaya, da fulogi, da birki, da giya. Ra'ayinmu shi ne a tattaro waɗannan yadda masu sana'a ke furta su, a daidaita rubutunsu, kada a ƙirƙiro wasu sababbi da babu mai amfani da su. Ƙirƙira ta dace ne kawai inda babu kalma. Malamin Hausa na iya tura ɗalibansa su tattaro kalmomi 20 daga wurin mai ɗinkin hula zanna ko mai haɗa turaren wuta da humra, sana'o'in da Borno ta yi suna a kansu kuma mata da yawa ke ci da iyalinsu da su. Wannan aiki ɗaya ya haɗa ƙa'idojin rubutu da nazarin al'ada.

Na biyu, a faɗaɗa darasin insha'i ya ƙunshi rubutun da mai sana'a ke buƙata: rasit, da lissafin kuɗin aiki, da yarjejeniyar koyon sana'a tsakanin iyaye da maigida, da wasiƙar neman rance. Yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin tela da mai kaya sun samo asali ne daga alkawarin baka.

Sai dai wajibi ne masu tsara manhaja su tuna cewa Hausa harshe na biyu ce ga yara da yawa a Lamisula. Littafin da aka rubuta domin ɗalibin Kano ko Katsina zai yi musu nauyi, musamman wajen jinsin suna, wanda babu shi a nahawun Barbarci. Ya kamata jerin kalmomin sana'a ya zo da Hausa da Barbarci da Ingilishi a jere, kuma Sashen Harsuna na Jami'ar Maiduguri, inda ake nazarin Hausa da Barbarci, shi ne ya fi dacewa da tantance shi kafin a kai shi aji.