*ƘUMA A CIKIN GIDA: ME YA SA YAKE DAWOWA BAYAN AN YI FESHI?*



Tun da damina ta kankama ake ta turo tambaya kan ƙuma, musamman iyaye mata a nan Tudun Wada da Tudun Jukun, kuma kusan duk magana ɗaya ce: an sayo fiya-fiya an fesa, an samu sauƙi kwana huɗu ko biyar, sai ga shi ya dawo kamar ba a yi komai ba. Toh ba maganin ne jabu ba. Akwai dalili, kuma wanda ya gane dalilin ya huta da asarar kuɗi.

Amma ku fara tabbatarwa ƙuman ne. Kuɗin cizo ba ya tsalle, a ɗinkin katifa da tsagar gado yake zama, idan an murtsuke shi yana wari. Ƙuma kuwa ɗan mitsitsi ne, baƙi-baƙi, kana kai hannu ya yi tsalle ya ɓace, kuma ya fi cizo a idon sawu da ƙwauri. Sa farar safa ka zagaya ɗakin, za ka gan su a kanta. Ko ka taje gashin magenku a kan farin ƙyalle mai laima: idan baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, busasshen jini ne.

*Wanda yake cizon ka ba shi ne matsalar ba.* Masana ƙwari sun ƙiyasta cewa manyan da ake gani ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ƙuman da ke gidan ba. Sauran ƙwai ne da tsutsa da waɗanda ke kwance cikin kwanso. Mace guda tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana a jikin dabba. Ƙwan ba ya mannewa a gashi, zubowa yake duk inda dabbar ta kwanta: gindin turke, akurki, ƙarƙashin kujera, bayan buhunan sito. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe tsutsa. Ita tsutsar ba ta son haske, sai ta shige tsagar siminti, ƙasan ledar ɗaki, saƙar tabarma, cikin kafet, tana cin kashin manyan. Daga nan ta naɗe kanta a kwanso, ƙura ta lulluɓe shi. A nan fa ake kayar da mu, don feshi ba ya ratsa kwanson nan yadda ya kamata. Yana iya zama a ciki makonni, har watanni, sai ya ji motsi da ɗumin jiki da numfashi sannan ya fito. Shi ya sa za ka buɗe ɗakin da aka rufe wata uku, ba mutum ba dabba, kana shiga su rufe maka ƙafa.

Kun gane ke nan? Feshi ɗaya manyan kawai ya kashe. Na ƙasa suna nan suna jiran lokacinsu.

Tsutsar tana son laima, busasshiyar iska tana kashe ta. Don haka a Zariya abin ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba, ya lafa da hunturu, duk da lungun da ke da danshi ba ya rasa su.

Sai a tambaya, waye yake kawo shi? Mage, kare, ɓera, kaji, awaki da tumaki. Har ragon da aka sayo aka ɗaure a tsakar gida yana iya shigowa da shi. In ba a yi maganin dabbar ba, wallahi shara da wanki duk wahala ce kawai, gobe sabon ƙwai zai zubo.

Maganin dabba a je wajen likitan dabbobi. Mu a Zariya ba mu da uzuri, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru. Akwai maganin da ake ɗigawa a ƙeyar kare ko mage, irin su Frontline, yana aiki kusan wata guda. Amma a kula sosai: maganin kare mai sinadarin famitirin yana kashe mage, kada a ce ai duk ɗaya ne. Shi kuma Frontline ba a sa wa zomo, ba a sa wa kajin da za a ci namansu ko ƙwansu. A 2017 sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an samu sinadarin da ke cikinsa a ƙwan kaji. Ƙuman kaji, wanda ke maƙalewa a gefen ido da tukku, a shafa masa Vaseline a hankali, yana toshe masa numfashi. A kwashe shimfiɗar akurki a ƙone, a zuba musu busasshiyar toka da yashi su yi birgima. Kuma don Allah a daina shafa wa dabba kananzir da baƙin mai. Ƙona mata fata yake, ta lasa ta kwanta.

Yanzu gidan. A rana ɗaya ake yin sa da maganin dabbar, ba yau wannan jibi wancan ba. A fitar da katifa, tabarmi, darduma da kafet a shanya a rana mai ƙarfi, a kakkaɓe su nesa da ƙofar ɗaki. Zanin gado da tsummokaran da mage ke kwanciya a kai a jiƙa su a ruwan zafi sosai da omo. Wanda ba ya wankuwa a ɗaure shi a baƙar leda a bar shi a rana yini guda. A ɗaga ledar ɗaki, wannan shi ne wurin da mata suka fi mantawa, a share ƙasanta, a bi gefen bango da tsintsiya, a goge da ruwan zafi da sabulu. Sharar kada a tara ta a bayan ƙofa, ƙwai ne a ciki: a ƙone ta ko a ƙulle a leda a fitar. Tsagar siminti a liƙe ta. Gindin turke a kankare saman ƙasar a kwashe, a bar rana ta doki wurin.

Wannan sharar *kullum* ce, har sati uku zuwa huɗu, wani gidan ma ya fi haka. Motsin sharar kansa yana sa na cikin kwanso su fito, su tarar da magani a jikin dabbar. Don haka in kun ga ƙuma a sati na biyu kada ku karaya, ragowar ne ke fitowa.

Da dare a ajiye faranti mai faɗi da ruwa da ɗan omo a ƙasa, a haska masa tocila ko fitilar caji. Suna tsalle wajen hasken su faɗa, sabulun ya nutsar da su. Ba zai ƙarar da su ba, amma da shi za ku san ko suna raguwa. Banda kyandir ko aci-balbal, kada a je neman maganin ƙuma a tashi gobara.

Ganyen dalbejiya fa? Ana dafa shi a goge ɗaki da ruwan, ana shimfiɗa shi a akurki, kuma yana taimakawa wajen korar ƙwari. Ni dai a ganina ɗan rakiya ne, ba zai tsaya a madadin shara da maganin dabba ba. Haka ma gishirin da ake barbaɗawa.

Ɓera kuma akwai tsari. A fara da ƙuma, sannan ɓera. In ɓera ya mutu, ƙuman jikinsa barin gawar yake ya nemi jini mafi kusa, wato ku da yaranku. Mataccen ɓera kada a ɗauka da hannu. Ƙuman ɓera shi ke yaɗa wani zazzaɓi da ake kira taifus (ba taifod ba, daban suke), kuma shi ke yaɗa annobar ɗa'un, wadda a 2017 ta kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, ta kashe kimanin 200.

*Maganar fiya-fiya da Sniper.* Jama'a, guba ce. Sinadarin da ke ciki na gona ne, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa barkatai. Kada a fesa a katifa, kada a shafa wa dabba, kada a zuba a gorar lemo a ajiye inda yaro zai gani. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake da masara, irin su Phostoxin, ita ma ba ta ɗakin kwana ba ce ko kaɗan, iskarta tana ratsawa ɗakin maƙwabci ta kashe mutum yana barci. In dole sai an yi feshi, a kira wanda ya san aikin, a fitar da yara da abinci da dabbobi, a buɗe tagogi sosai kafin a koma, a maimaita bayan sati biyu. Wanda ya shaƙa ko ya sha, aka ga yana dalalar da miyau, gumi, amai, numfashi na sarƙewa, a cire masa kayan, a wanke jikin da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Wasu sun tambaya ko ɗigon jinin ƙuma a riga yana hana salla. A Risala ta Ibn Abi Zaid an yi rangwame a kansa, ba a wajabta wankewa ba sai idan ya yi yawa ainun.

Wurin cizon a wanke da sabulu, a ɗora ƙyalle mai sanyi, a shafa kalamin ko man kaɗanya don ƙaiƙayi ya lafa. A yanke wa yara farce, susa ce ke mai da shi gyambo. Idan wurin ya kumbura yana ruwa, ko zazzaɓi da ciwon kai da ƙuraje suka biyo baya cikin sati ɗaya zuwa biyu, musamman in an sha maganin maleriya bai sauka ba, a tafi asibitin Gambo Sawaba ko Shika, kuma a buɗe baki a faɗa wa likita cewa akwai ƙuma da ɓeraye a gidan.