Taurarin ɗan adam na bin sawun iccen da ya mamaye tabkin Cadi

A shekarar 1977 ne ma'aikatan gandun daji na ƙasar Nijar suka dasa wani baƙon icce a gefen tabkin Cadi, bisa filin da bai wuce hekta 10 ba, da nufin ya tsayar da tuddan rairayi masu tafiya. Masana na kiransa Prosopis juliflora. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, kuma dangin ƙirya ne na nesa. A shekarar 2004, wani rahoto da ya fito a mujallar hukumar abinci ta duniya, FAO, ya ƙiyasta cewa iccen ya rufe fiye da hekta dubu 300 a yankin tabkin.

Ba hannun mutum ne ya yi wannan aiki ba. Tabkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, ya bar ƙasa mai laima babu kowa a kanta. Bisashe kuwa na son ƴaƴan iccen don zaƙinsu. Ƙwayar tana fita cikin kashinsu ba ta lalace ba, ta tsira duk inda garke ya ratsa. In an sare shi sai ya yi toho daga kututture. Ta haka ya cinye gonaki da makiyaya, ya toshe hanyoyin mashaya, ya kuma hana kwale-kwalen masunta wucewa a shekarun da ruwa ya komo.

Auna irin wannan kurmi mai ƙaya a ƙafa ko a mota abu ne mai wuya, balle tun daga 2015 da hare-haren Boko Haram suka shafi jihar Difa. A nan ne hotunan taurarin ɗan adam ke da amfani. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 ana samun hotunansa kyauta. Kowane ɗigo a cikinsu yana daidai da fili mai mita 30 tsawo da faɗi. Na ƙasashen Turai, Sentinel-2, wanda ya soma a 2015, yana gani har mita 10, yana kuma komowa bisa wuri guda duk kwana 5. Cibiyar Agrhymet ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta daɗe tana bin yanayin damina da na makiyaya da irin waɗannan hotuna.

Dabarar tana ga zaɓen lokaci. Da damina daji duka kore ne, ba a bambanta komai. Amma da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa suka kaɗe ganye, shi wannan icce yana nan kore shar, domin saiwarsa na kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗanyen ganye yana maido da wani haske da idon mutum ba ya gani, amma na'urar tauraro na auna shi. Sai a jera hoton rani na bana da na shekaru 10 ko 30 da suka wuce, a ga inda iccen ya nufa da kuma saurinsa.

Da wannan hanya masu bincike suka nuna a 2019 cewa ya mamaye hekta miliyan 1 da dubu 170 a yankin Afar na ƙasar Habasha, yana ƙara wajen hekta dubu 31 kowace shekara. A Baringo ta ƙasar Kenya, ya tashi daga hekta 882 a 1988 zuwa kusan dubu 19 a 2016.

Sai dai tauraro na iya ruɗewa. Gawo da rani yake ganye, aduwa da dogon yaro su ma ba su cika kaɗewa ba, ƙananan tsiro kuwa ba su fitowa a hoto. Dole ne ma'aikata su sauka daji, su rubuta matsayin itatuwan da suka gani da ido, a koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa bambanta su. Taswirar da ba a gwada ta da sanin makiyaya da manoma ba, tana iya sa a sare gawon da ke raya gona.

Ƙasar Sudan ta ba da umurnin kawar da iccen a 1995, har yanzu yana can. Saboda haka masana da dama suka karkata ga sarrafa shi: a tumɓuke sabon tsiro a bakin iyakar da yake ci, a yi itace da gawayi inda ya yi duhu, a niƙa ƴaƴansa kafin a ba dabbobi don ƙwayar ta mutu. Duk wannan yana bukatar taswira. Da ita ma'aikaci zai san inda zai ba da izinin sara, ɗan kasuwar gawayi kuma ya san yawan hajar da ke tsaye tun kafin ya zuba jarinsa. Kowane buhun da ya fito daga wannan kurmi, sauƙi ne ga bagaruwa da ƙiryar da gatari ke ƙararwa a sauran dazuzzuka.