Kwantaktar Tsaro: Abin Da Ke Hana Injin Tashi Bayan An Tsayar Da Shi

A masana'antun Ikeja, Agbara da Sharaɗa, ba safai mai kamfani ke tunawa da kwantaktar tsaro ba sai ranar da injin ya ƙi tashi. Ita ce na'urar da ke yanke wa mota wutar lantarki nan take da zarar an danna jan maɓallin gaggawa ko an buɗe murfin kariya. A injuna masu haɗari akan jera guda biyu, domin idan ɗaya ta maƙale ɗayar ta yanke.

Babbar cutarta ita ce narkewar bakunan ƙarfen da wuta ke bi, har su manne da juna. A nan ƙasar, sanadin yakan kasance raunin wuta. Ƙa'idar IEC 60947 ta tanadi cewa naɗin wayar da ke jan kwantakta ya yi aiki tsakanin kashi 85 da 110 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta masa. Idan wuta ta faɗi ƙasa da haka, musamman lokacin sauyawa zuwa janareto, sai kwantaktar ta riƙa karkarwa, tartsatsi na cin bakunanta. Ƙurar hunturu da sakakkun kusoshi su ma suna ƙara ta'azzara lamarin.

Akwai wani ɗan baki a jikinta da ba ya rufewa muddin manyan bakunan suna manne. Ta nan ne na'urar sa ido ke gane matsala, ta ƙi barin injin ya sake tashi. Saboda haka mai gyara yakan fara da kashe babban makunni ya sa masa kwaɗo, ya gwada bakunan da mita, sannan ya auna wutar da ke isa naɗin, wadda sau da yawa volt 24 ce.

Abin takaici, idan manaja ya matsa lamba, wasu masu gyara kan tsallake ɗan bakin nan da guntuwar waya. Injin zai tashi kam, amma maɓallin gaggawa na iya gaza tsayar da shi, hannun ma'aikaci na ciki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan injuna masu haɗari, kuma alhakin na wuyan mai masana'anta. Kwantaktar da ta manne ba a goge ta da fayil; sauya ta ake yi da mai daidai ƙarfinta, tare da gyara musabbabin raunin wutar.